Tukunyar Ƙungiya da Murfinta

Hansatu ba ta taɓa damuwa da zaɓen ƙungiyar matan Najeriya ta unguwar Taman Melati a Malesiya ba. In an kira taro, can baya take zama kusa da fanka, a gama hayaniya ta koma gida. Bana sai zaɓe ya faɗo ranar Alhamis, walimar gama digirin mijinta Datti kuma ranar Asabar. Ga shi ya gayyato kusan duk ɗan Najeriyar da ke karatu a jami'ar da ke titin Jalan Semarak. Shinkafar wannan jama'a, tukunya ɗaya ce za ta ɗauke ta a duk unguwar, wato babbar tukunyar da ƙungiya ta saya don hidimar mambobi.

Tukunyar tana gidan Hajiya Ɗelu, shugaba mai neman tazarce. Murfin yana wajen Najiba, tsohuwar mataimakiyarta, wadda ta fice da shi ranar da suka yi faɗa. Yanzu ita ce 'yar takarar adawa.

Hansatu ta fara da Hajiya Ɗelu.

"Tukunya ai taki ce, Maman Khaulah, boleh lah!" in ji Hajiya, wato babu matsala da yaren ƙasar. "Ke dai ranar Alhamis in waiwayo in gan ki a bayana." Ta miƙo mata mayafin kamfe, shara-shara, wanda ko tatar koko ba zai yi ba.

Hansatu ta ce to.

Gidan Najiba kuwa, ta iske murfin a baranda an shanya barkono a kai.

"Anti, ba murfin ƙungiya ba ne wannan?"

"Ajiya nake yi wa al'umma," in ji Najiba. "Ki zaɓe ni, ki gan shi har ƙofar ɗakinki. Ni ba irin waccan ɓarauniyar ba ce." Ta ba ta ƙunshin shinkafar kwakwa, an manna hotonta a kai tana murmushi.

Nan ma Hansatu ta ce to, don ba ta iya cewa a'a ba.

Matsalar ita ce an daina zaɓe da takarda tun shekarar da ƙuri'u suka fi matan da ke ɗakin yawa. Yanzu layi ake yi a bayan 'yar takara, kowa na ganin kowa.

Ranar Alhamis, a ɗakin taron da ke ƙasan bene, mata suka rabu gida biyu suna tsaki. Aka duba, layuka sun yi daidai. Hansatu kaɗai ta rage a tsakiya.

"Maman Khaulah, taho mana!" in ji Hajiya Ɗelu.

"Ƙanwata, kin ci shinkafata fa!" in ji Najiba.

Hansatu ta dubi dama, ta dubi hagu, ta tuna Asabar. Sai ta ce, "Ni wallahi babu wadda nake so a cikinku. Tukunya nake so, da murfinta."

Can sai Rahama, maƙwabciyarta, ta fito daga layi.

"Allah ya yi miki albarka! Ni da sunan ɗana, a ƙananan tukwane na yi dahuwa har bayana ya riƙe. Mun gaji!" Ta zo ta tsaya a bayan Hansatu.

Wata ta biyo ta, wata ma ta biyo. Hansatu ta zaci ta tare musu hanya, ta matsa gefe, layin ya matsa. Ta nufi ƙofa, layin ya bi ta. Kafin ta kai bakin lif, an soma guɗa ana kiranta Shugaba.

Ranar Juma'a Hajiya Ɗelu da Najiba suka kawo kayan mulki, wato tukunya da murfi. Hansatu ta ɗora murfi a kan tukunya, sai ya rufe ta ruf kamar laima, har yana lilo.

"Hajiya, tukunyar nan ba ta kai rabin waccan ba."

Hajiya Ɗelu ko gezau. "Zafin Malesiya ne, Shugaba. Ƙarfe tsukewa yake yi."

"Ƙarya ne, sayar da ita kika yi!" in ji Najiba.

"To ke ina mariƙin murfin?"

Najiba ta ce tana da girki a kan wuta, ta fice.

Ranar Asabar Hansatu ta yi ta dahuwa kashi-kashi, tana ɗaga murfi da cokula biyu. La'asar ta yi, rabin baƙi ba su ci ba. Rahama ta leƙo kicin da faranti wayam a hannu.

"Shugaba, ba don wani abu ba, mutane sun fara magana a waje. Wai gwamnatin nan tafiyar hawainiya take yi."

Hansatu ta miƙa mata cokulan. "Daga yau ke ce mataimakiyata. Ɗaga murfi."