Murhun da Yake Fito

Shekara ashirin da shida ina toya waina a bakin layinmu a Gyadi-Gyadi, ba wanda ya taɓa gutsurar wainata ya tarar da ɗanyen ƙullu, sai da Isyaku mai walda ya haɗa min murhun gas. Wuta ta dinga tashi a haukace, bayan waina ya ƙone, cikinta bai nuna ba. Masu Adaidaita da suka saba karyawa a wurina suka koma tsallaken titi. Sau uku ina zuwa shagonsa a Tarauni. A na ukun, a gaban mutane, ya ce wai hannuna da itace ya saba, ga tsufa kuma ya zo. Wannan maganar ce na rantse sai ya janye ta.

Jikata Zahra'u aikin injiniya take karantawa, kuma aikinta ke nan, yadda iska ke kutsawa ta ƙaramar huda. Ta kwance kan murhun, ta nuna min wani ɗan ƙarfe mai huda kamar ta allura, ta ce ta nan gas ke fita. Ta auna hudar. Ta kwafi lambar da ke jikin regileta, abin nan na kan tukunyar gas mai rage masa ƙarfi, ta zuba duka a kwamfutarta. Muka jira. Kwamfuta ta ce murhu lafiyarsa ƙalau.

Na ce ashe kwamfutar ma 'yar gidan su Isyaku ce.

Yarinyar ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce kwamfuta abu biyu kawai ake gaya mata, ƙarfin da gas ya shigo da shi da abin da zai tarar a waje, tsakiyar ita ke lissafawa. In an yi mata ƙarya tun daga bakin ƙofa, da ƙaryar za ta fita.

"To wa ya gaya mata murhun yana fito?"

"Fito kuma, Iya?"

Tun ranar farko nake cewa murhun nan fito yake kamar buta ta tafasa, kowa ya ɗauka mitar tsohuwa ce, har da ita wannan da na goya.

Washegari ta zauna kusa da ni a kan benci, na kunna. Ta kasa kunne, dariyar ta ɗauke. Ta ce gas mai ƙarfin da aka rubuta a jikin abin nan ba ya irin wannan kuka. Ta aro agogon awon ƙarfin gas a makarantarsu, tana ɗaurawa allurar ta zabura can gefe. Ta canza lamba ɗaya tak a kwamfutar, hoton ya koma jawur, gas ya cunkushe a bakin huda yana fita a guje.

"Ga wainarki nan tana ƙonewa, Iya. Kunnenki ya fi lambata."

Muka ɗauki regiletar sai Tarauni. Isyaku ya juya ta, ya juya, ya sosa ƙeya. Ya ce ta manyan murhu ce, murfinta ya fashe ya ɗora mata na ƙarama mai ɗauke da lambar ƙarama, bai zaci komai ba. Ya ce zai canza min. Na ce ba canji kaɗai ya kawo ni ba.

Da safe ya zo ya ɗaura sabuwa. Wuta ta fito shuɗiya, shiru. Na toya tanda guda, na kira masu Adaidaita daga tsallake. Isyaku ya raba waina biyu da hannunsa, ya ɗaga kowa ya ga cikinta.

"Hannun Iya Ladi lafiyarsa lau," ya ce. "Aikina ne ya ɓaci."

Na ƙara masa uku, na zuba masa miya.

Zahra'u tana gefe tana rubutu a littafinta. Na miƙa mata cokalin na ce ta juya min guda ɗaya. Ta juya, wainar ta fashe. Na karɓe abina, na ba ta wadda ta fi shan mai.