Haddar Baba

Shekarar da aka rufe laburaren unguwarmu a Manchester, aka sallami Baba da takarda ɗaya da katin ban kwana. Shekara goma sha tara yana jera littattafai a wurin. Wai tsuke bakin aljihu ake yi, ni dai ban ga aljihun manya ya tsuke ba.

Cikin littattafan da za a zubar ya tsinci na koyon rubuta manhajar kwamfuta, mai zanen wata agwagwa da ke tsokanar mai karatu a kowane shafi. Umma ta ce har kicin take jiyo dariyarsa. Wani kamfani a Birmingham yana ɗaukar masu koyon aiki, ba ruwansa da shekaru, Baba kuwa ya ƙwallafa rai. In bai samu ba, sai wankin mota a garejin wani ɗan garinsu, ga shekara hamsin da shida, ga ciwon gwiwa.

Kwamfutar gidan ni na tafi da ita jami'a a Aston, can cikin Birmingham ɗin, inda nake karanta wannan fannin dai. Amma ni 'yar fari ce. Baba ko sunana ba ya faɗa, balle ya zauna gabana ya ce in koya masa. Na san yana karatun, ni ma kunya ta hana ni yi masa tayi. Har yau in na tuna sai haushin kaina ya kama ni.

Sai ya bi yadda aka koya masa karatu a Gumel: ya kwafe darasi da biro, ya haddace, ya rufe littafin ya biya. Cikin wata bakwai ya cika littattafan rubutu uku, bai taɓa gwada layi ɗaya a kwamfuta ba. Takarda kuwa ba ta gardama.

Ranar da kamfanin ya kira shi ganawa na tarar da shi a tashar mota da la'asar, ya sha kwat, yana murza gwiwa.

"Baba, yaya interview ɗin?"

"Yaran kirki ne, har shayi suka ba ni," in ji shi, yana kallon titi. "Laptop suka ajiye mini, wai in gyara abin da ya lalace. Ya yi ta fito da jan rubutu. Na biya darasin a zuciyata daga farko har ƙarshe, ban ga inda aka yi maganar wannan jan ba. Sun ce ba wannan karon ba."

Ya miƙo mini littattafan a leda. "Riƙe, kin fi ni wurin ajiya."

Na karɓi ledar, na tsaya har motar Manchester ta tashi da shi.

A ɗakina na buɗe na ukun. Shafukan ƙarshe ba kwafe ba ne, nasa ne: manhajar ba da aron littafi, mai tuna wa mutum ranar mayarwa. Na zauna na buga ta yadda ya rubuta, ban canza komai ba. Na danna, ta tashi lafiya lau. Ni da ake koya wa a aji ban taɓa rubuta mai tsawon haka ta tashi a gwajin farko ba.

Na kira shi ina kuka.

"Baba, ta yi aiki. Ba error ko ɗaya, ba jan rubutu."

Ina jiyo ƙarar motarsu ta wayar.

"Me ta ce?"

"Ta ce, barka da zuwa, wane littafi kake nema?"

"Haka na rubuta kuwa." Ya yi gyaran murya sau biyu. "Ke, kada ki kashe ta tukuna. Bar ta a kunne har in isa gida."