Teburin Malam Dalhatu

Tun ranar da Malam Dalhatu, malamin kasuwar auduga ta Kudan, ya kai wa Bature takarda a barikin Makarfi, ya dawo da ciwon tebur. Wai ya ga wani gajere a tsakiyar ɗaki, iyakarsa gwiwa, ba a rubutu a kai, ba a cin tuwo a kai, kofin shayi kawai ake ɗora masa. Baturen kuma ya ce wata rana zai biyo ta gidansa. Haka yake gaya wa kowa har mai gadi, amma Dalhatu ya ɗauka da shi kaɗai ake.

Shigifar gidan ta koma falo. Aka fitar da buhunan dawa, aka shigo da kujeru biyu na zama, aikin kafinta. Matarsa Saudatu in ta manta ta ce shigifa, sai ya gyara mata.

Saura tebur, albashin kuwa bai kai ba. Aka kira Lado kafinta, ƙanin mahaifiyar Saudatu, saboda ana sa ran sauƙi. Da yake kawunta ne, ta kawo masa ruwa ta durƙusa daga bakin ƙofa, suka gaisa har kan awaki. Lado ya dubi kujerun, ya zauna a ƙasa.

"In katakon maɗaci kake so, sai an aiko daga Zariya," in ji Lado, "kuma ka san abin Zariya. In mai sauƙi ne, ina da akwatunan kananzir. Kwana biyu na gama."

Dalhatu ya ce, "Haba Kawu. Da rubutun kanti a jiki? Bature ya zauna yana karanta teburina?"

"To, ai ya samu abin yi kafin shayi ya huce."

Dalhatu bai yi dariya ba. Ya gyara zaman alƙalamin da ke aljihunsa ya ce, "In mutum ya kawo katakonsa fa? Ai sai ladan aiki. Muna da itace a Likoro, tsaye kawai yake."

Saudatu ta ɗago kai. Itace ɗaya ne suke da shi a Likoro, kuma ba su ne da shi ba, ita ce. Ɗorawar da ta gada wurin uwarta. Da kalwarta take daddawa, da daddawar take sayen zane da sabulu da gudunmawar biki, ba ta taɓa miƙa wa Malam hannu a kan waɗannan ba. Bana ma ta yi 'ya'ya har reshe na sunkuyawa, saura 'yan makonni a kaɗe.

"Malam, ɗorawata kake nufi?"

"Ke, maganar maza ake."

"Na ji. Ɗorawar dai ta mace ce."

Lado ya kurɓi ruwa. "Dalhatu, ɗorawa ba itacen tebur ba ce. Ɗanye ne, sai ya shekara yana bushewa, in ya bushe ya tsage, gara ta ƙarasa. Ko turmi ba na so da ita."

"Shekara?" Dalhatu ya maimaita, muryarsa ta yi ƙasa.

Saudatu ta ga ƙofar magana ta buɗe, ta shiga da sauri. Ta ce Kawu ya kankare rubutun akwatin, ita za ta jiƙa lalle mai kauri a shafe katakon har ya yi ja kamar maɗaci. Tana da farin ƙyalle a adaka, za ta yi masa ɗinki a baki a lulluɓa. Bature ba zai ɗaga ƙyalle ya leƙa ba, in ma ya leƙa, shi ya kawo kananzir ƙasar nan. Ladan Kawu kuma ita za ta biya in ta sayar da daddawar bana.

Ta shirya a yi ta ja har la'asar. Sai Dalhatu ya ce, "To, a yi hakan," yana kallon bango. Ya miƙe ya ce zai nemo igiya a auna tsawon, ya shige cikin gida.

Saurin amincewar bai kwanta mata ba. Mutumin da ya kwana uku yana gardama a kan inda kujera za ta fuskanta.

Lado ya daɗe yana neman takalminsa, alhali yana gabansa.

"Saude," ya ce, "ran Talata wasu masu zarto su biyu suka tsaya a rumfata. Suka ari magagarina, wai za su wasa haƙoran zarto. Na ce ina aiki ya samu, suka ce Likoro, malamin auduga ya aike su. Ban kawo komai a raina ba sai yanzu."

Yau Asabar. Saudatu ta lissafa kwanakin, ta sake lissafawa, ko za su ragu.

"Wataƙila ba su fara ba, Kawu. Masu zarto akwai saɓa alkawari."

"Akwai."

"Sun dawo maka da magagarin?"

Lado ya sa takalmi ɗaya, ya sa ɗayan.

"Jiya da hantsi. Har da godiya."

Dalhatu ya dawo da igiya a hannu. Ya tsaya tsakanin kujerun biyu, ya sauke ta daga gwiwarsa zuwa ƙasa, ya ƙulla, ya miƙa wa Lado ba tare da ya dubi matarsa ba.

"Kada ya wuce nan, Kawu. Na Makarfi iyakarsa ke nan."

Saudatu ta ɗauki kwanon ruwan ta kai ɗaki. Ta yafa mayafi, ta ɗauki babban kwando, ta zo ta wuce ta tsakiyar falon.

"Ina zuwa?" in ji Dalhatu.

"Likoro. In tsince abin da awaki suka rage."

Bai ce ta je ba, bai ce kar ta je ba. Ta fita.