Rigar Batik a Bakin Tukunyar Awara

Awara nake yi a garin Kediri, shekara ashirin da shida ke nan. A aji biyar na firamare na tsaya. 'Yata Ratri ce ta fara shiga jami'a a danginmu, can Malang, kuma da ta kai shekarar ƙarshe ban jira kowa ba. Na sayi yadin batik ruwan ƙasa, aka ɗinka mana iri ɗaya mu bakwai har da kakarta, yadda kowane gida ke yi don ranar yaye ɗalibai. Na rataye tawa cikin leda, na ɗauki hotonta na tura wa Ratri. Kullum da safe saƙona ɗaya ne: "Yaushe?"

Wata huɗu tana amsawa da "Saura kaɗan, Pak," yadda muke kiran uba ko wani babba. Sai wata Talata Bu Harjo, matar da Ratri ke haya a gidanta, ta kira ni.

"Pak Darmadi, ka bar waken nan ka zo. Kwana tara yarinyarka ba ta fito ba. Abincin da nake ajiye mata a bakin ƙofa kyanwa ke cinyewa, har ta yi tumbi."

Na biya wurin malamin unguwarmu ya yi tofi a gorar ruwa, don a sanina yaro ba ya kulle kansa sai da shafar aljanu. Na hau bas.

Da na isa, da ƙyar Ratri ta buɗe ƙofa. Ta rame, ɗakin yana warin kayan da ba a wanke ba. Kundin bincikenta na yashe a ƙasa, malaminta ya cika shi da jan biro.

Na miƙa mata gorar. "Nduk, 'yata, sha wannan."

Ta sha. Ba ta taɓa yi mini musu ba.

Na ce, "To tashi. Ni zazzaɓi bai taɓa hana ni hura wuta ba. Rubutu ne fa, ba dutse aka ce ki ɗauka ba."

"Sau shida malamina yana dawo mini da kundin, Pak. Yanzu ko buɗe shi ba na iyawa. In na tuna hoton rigar nan, numfashina sarƙewa yake." Ta kalli bango. "Wani lokaci nakan ce da ma in kwanta kada in farka."

Bu Harjo ce ta yi magana daga bakin ƙofa.

"Kai dai kanka ya fi dutsen niƙanka tauri. Akwai ofishi a makarantarsu don irin wannan. Yara biyu na taɓa kaiwa."

Matar da muka samu a ofishin, Bu Laras, ta yi awa guda da Ratri ina zaune a waje. Sannan ta kira ni. Ta ce ciwon damuwa ne, ciwo kamar hawan jini, ba lalaci ba. Ratri za ta ga likita, za ta riƙa zuwa ofishin duk Alhamis, kuma gara ta huta zangon karatu guda. Takardar tana buƙatar sa hannun uba.

Na ce, "Zango guda? Duk unguwa ta sani. An riga an ɗinka kaya."

"Pak, kayan lafiyarsu ƙalau. Ita ce ba ta da lafiya."

Na dubi Ratri. Ta sunkuyar da kai, tana jiran abin da zan ce ta bi. Na san in na ƙi, za ta ce "to," ta koma ɗakin nan ta rufe ƙofa. Na karɓi biro na sa hannu, muka taho gida tare.

Washegari na cire rigar daga leda, na sa, na tsaya da ita a bakin tukunya. Kafin hantsi ruwan wake ya ɓata gabanta. Maƙwabcina Pak Jumadi ya zo sayen awara, ya yi dariya.

"A'a, uban mai digiri! Yau ne bikin ba a gayyace mu ba?"

"Babu biki. Ratri ba ta da lafiya, ciwon damuwa ne. Tana ganin likita. Guda nawa za a ba ka?"

Da ya tafi na ga Ratri tsaye a ƙofar kicin. Ta daɗe tana kallon tabon da ke jikin rigar. Sannan ta matso, ta ɗauki awara mai zafi daga faranti, ta zauna kusa da ni ta cinye, ta miƙa hannu ta ɗauki ta biyu.