Mashayar Farin Yashi

Halliru ya sa ƙafa a likkafa ke nan sai Gwaggo Saude ta leƙo daga zaure, riƙe da ƙwaryar koko. Ƙanwar mahaifinsa ce, kuma ita kaɗai ta rage a Kwarin Ɗinya da ke kiran sunansa gatsau tun da aka naɗa masa rawanin dagaci.

"Halliru, ina Sarkin Noma? Ina Ardo? Ba jiya na ji kuna cewa tare za ku ba?"

Ya ce mata Bature ba ya jiran hantsi, kuma aikin ba wani abu ba ne, zagaye ne kawai. Ta dube shi, ta ce ko ubansa da ya shekara talatin a kan sarautar bai taɓa fita duba iyaka ba sai da mutanen nan biyu a bayansa. To, wannan maganar ce kuwa Halliru ya gaji da ji. Ya ce ta ajiye masa kokon, ya zaburi doki.

Wata huɗu ke nan da rasuwar mahaifinsa, a farkon damina. Shi Halliru a Kazaure ya tashi, gidan kawunsa. Can ya yi elementare, can ya yi malanta a ofishin En'e, garin nan kuwa sai da salla yake zuwa ya kwana biyu ya koma. Da aka naɗa shi, Sarkin Noma Sama'ilu da Ardo Hamma suka riƙe shi yadda suka riƙe ubansa, ba abin da zai taso su bar shi ya yi tuntuɓe. Da farko ya ji daɗin haka. Sai ranar wata kasuwar Gwiwa, wani ɗan saƙon Hakimi ya ce cikin raha wai rawani dai yana kan Halliru, amma kan yana wuyan Sarkin Noma. Aka yi dariya, shi ma ya yi. Amma tun daga ranar maganar take cinsa kamar ƙaya a tafin ƙafa.

Saboda haka da takarda ta zo cewa gwamnati za ta keɓe dajin arewacin gari ya zama gandun daji, ba sara, ba noma, ba kiwo, sai ya ga ranarsa ta zo. Ƙa'idar ita ce dagaci ya zaga da Baturen daji a kafa turakun iyaka. Duk wurin da jama'a ke amfani da shi, dagaci ya faɗa, ko a bar shi a waje ko a rubuta musu haƙƙinsu. Abin da bai faɗa ba kuwa ya tafi.

A bakin daji ya tarar da su: Bature da malafarsa, leburori huɗu ɗauke da sarƙar awo da turakun siminti, sai Malam Abu, malamin daji mai yin tafinta, wanda ya girme shi da aji biyu a makaranta.

"A'a, Dagaci, kai kaɗai?" in ji Malam Abu. "Sauran dagatai da runduna suke zuwa mana. Jiya a kan kuka ɗaya tsofaffi suka tsare mu har azahar."

"Ni ba sai an riƙe min hannu ba," in ji Halliru.

Suka shiga. Ƙarshen damina ne, ciyawa ta kai ƙirjin doki, ko'ina kore shar. Leburori suna jan sarƙa, Bature yana duba agogon alƙiblarsa yana rubutu. Da suka iso babban tafkin da ke kusa da gari, Bature ya nuna yana son iyaka ta haɗa da shi. Nan Halliru ya tsaya kai da fata. Bai ma jira tafinta ba, ya haɗa ɗan Turancinsa ya ce nan shanun garinsa ke sha, ya gani da idonsa kullum safiya, in an rufe shi an kashe mutane. Bature ya ɗaga gira, ya yi murmushi, ya sa aka lanƙwasa iyaka ta bar tafkin a waje. Halliru ya ji ƙirjinsa ya cika. Ya so a ce ɗan saƙon nan yana wurin.

Rana ta take sa'ad da suka gangara wani faffaɗan kwari, cike da farin yashi, geza ta rufe gefe da gefe. Kofaton dawaki suna nutsewa. Bature ya ja linzami, ya tambaya ko akwai mai amfani da wurin. Halliru ya duba gabas, ya duba yamma. Ba gona, ba rijiya, ba ko sawun hanya. Sai wasu gungumen itace guda uku ko huɗu da yashi ya binne rabinsu, ya ɗauka ruwa ne ya kawo su.

Ya ce babu kowa a nan, yashi ne kawai.

Malam Abu ya matso da dokinsa, ya rage murya. "Ka tabbata? In aka rubuta babu, ta zauna fa. Ko mu bar nan sai gobe, ka tambayo?"

Kalmar tambayowa ce ta soke shi. Ya ce ya tabbata, ƙasarsa ce. Aka kafa turke a bakin kwarin ta kudu, yashin duka ya faɗa ciki. Kafin azahar sun gama. Bature ya miƙa masa alƙalaminsa, ya sa hannu da boko, ba dangwale da yatsa ba, ya ma ƙawata wutsiyar harafin ƙarshe.

Da ya dawo gari bayan azahar, ya tarar da su biyun zaune a ƙofar gidansa. Tun hantsi suke nan. An kwance sirdin dokin Sarkin Noma an jingine a bango, Ardo kuma ya ajiye goran ruwa da ƙunshin guzurin da ya ɗauro don tafiyar. Suka miƙe suka gaishe shi, ranka ya daɗe, sannu da rana, ya hanya. Ba wanda ya ce don me. Da sun yi ƙorafi da ya fi masa sauƙi.

Ya zauna ya ba su labari, ya ja maganar tafki, ya maimaita abin da ya gaya wa Bature har sau biyu. Sarkin Noma ya ce madalla, Allah ya ƙara basira. Ardo Hamma kuwa yana ta zane a ƙasa da bakin sandarsa. Can ya ɗago.

"Ranka ya daɗe, Farin Yashi fa? A wane hannu kuka bar shi?"

"Wane Farin Yashi, Baba Ardo?"

"Kwarin nan mai geza. Inda komayenmu suke."

Halliru ya ce ai ba komai a wurin, ya duba da kansa. Yana faɗa sai ya tuna gungumen nan.

Ardo ya yi masa bayani a hankali, kamar mai tsoron kada ya ji masa ciwo. Tafkin da ya ceto na damina ne da kaka. Kafin sanyi ya wuce ya zama busasshiyar laka, ko akuya ba za ta jiƙa baki ba. Daga nan har ruwa ya sauka, wata biyar cur, Farin Yashi ne ke riƙe da su. Su tona kamu uku, ruwa ya tsattsafo, su ɗiba su zuba a komayen da kakansa ya fafe, shanu su sha layi-layi. In damina ta zo ruwa ya cike ramukan, ciyawa ta rufe hanyar, wanda bai sani ba ya ce ba a taɓa taka wurin ba. Garke goma sha ɗaya ke sha a nan.

Sarkin Noma ya ƙara da cewa inda shanu ke sha, kusa da nan suke kwana, kuma a gonakin gari suke kwana. Geron Kwarin Ɗinya da ake yabo har Roni, ba albarkar ƙasa ba ce kaɗai, takin Ardo ne.

"Ba ku taɓa gaya min ba," in ji Halliru.

"Yau muka yi niyyar gaya maka, ranka ya daɗe," in ji Sarkin Noma. "A kan hanya."

Halliru ya miƙe. Ya ɗaura wa dokin da bai gama hucewa ba sirdi, ya nufi barikin da Bature ya sauka, tafiyar sa'a guda. Duk hanya yana shirya Turancin da zai yi, yana rushewa, yana sake ginawa. Ashe ba zai buƙace shi ba. Ya tarar da barikin fayau, sai Malam Abu yana ɗaure akwatunan awo a kan jaki. Motar Bature ta tashi tun bayan azahar, ta yi Kazaure, takardar kuma daga can Kano za ta wuce.

Halliru ya faɗi abin da ya faru, bai rage komai ba. Malam Abu ya saki igiya ya yi salati. Ya ce ana iya kai kuka, amma sai ya bi ta hannun Hakimi, ya je majalisa, ya je wurin Di'o, sannan a jira wani Baturen ya sake zuwa awo. Ya taɓa ganin irinta, shekara uku aka yi, kuma can ma ba dagaci ne ya sa hannu cewa babu ba. Kafin nan duk saniyar da aka kama bayan turke, mai ita sai gaban alƙali.

"Abin haushin ma," in ji Malam Abu, "Bature ya yabe ka. Ya ce duk zagayen nan bai ga dagacin da ya san ƙasarsa ya kuma iya yanke magana irinka ba. Ya ce zai rubuta wa Hakimi."

Halliru ya tsaya riƙe da linzami. Wannan ita ce shaidar da ya fito nema tun asuba, ga ta an miƙo masa, ya rasa inda zai sa ta. Ya yi wa Malam Abu sallama, ya juya. A dawowa bai ko taɓa dokin da ƙaimi ba.

Rana ta yi ja sa'ad da ya shigo gari. Sarkin Noma ya tafi alwala, Ardo Hamma ne kaɗai ya rage, a tsaye, ya saɓa sandarsa a kafaɗa. Halliru ya sauka tun daga nesa, ya ƙaraso da ƙafa. Ya gaya masa yadda suka yi da Malam Abu. Ya ce gobe zai je gaban Hakimi ya faɗa da bakinsa cewa bai san wurin ba ya sa hannu, ko da rawanin zai tafi. Ya roƙe shi su je tare, shi da Sarkin Noma.

Ardo ya ce za su je, ai ba a barin ɗan aboki ya shiga gaban manya shi kaɗai. Amma ya ce ba zai ɓoye masa gaskiya ba: saniya ba ta san shekara uku ba, ƙishin yini biyu ta sani. Da zarar an gama cin karan gonaki za su ɗaga, su yi arewa, su tsallaka iyaka zuwa ƙasar da Faransa ke mulka, wurin dangin matarsa. In Allah ya sa an cire turken, wataƙila yaran su dawo. Shi dai ya tsufa, ba zai iya ƙaura biyu ba.

"A nan aka haife ka, Baba Ardo."

"A nan. Kusa da komi na biyu, in ji innata."

Daga masallaci ladan ya fara gyaran murya. Halliru ya so ya ce a yafe masa, ya ga maganar ta yi ƙanƙanta, ya haɗiye ta. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, ko Ardo zai kai shi wurin ya gani.

Tsohon ya dube shi ya daɗe, ba fushi a fuskarsa, sai gajiya.

"In mun dawo daga wurin Hakimi sai mu biya. Ka taho da fartanya, ka tona da hannunka ka ɗanɗana ruwan." Ya gyara sandarsa. "Ya kamata mutum ya san abin da ya bayar."