Yatsan da Tela Ya Ara wa Baba

"Sake bugawa," in ji tsohon daga bayan fiyanon.

Tela ya sake danna farin maɓallin. Yana tsakiyar yankan riga ne Baba Mai Fiyano, maƙwabcinsa, ya ƙwanƙwasa masa taga ya ce ya zo ya ara masa yatsa ɗaya. Ko tef ɗin awo bai cire daga wuya ba.

"Ka ji shi?"

"Me zan ji, Baba?"

"Ƙuda. Akwai abin da ke kukan ƙuda a ƙarƙashin muryar. Allon baya ne ya tsage, ko gam ya saki wani wuri. Tsohon fiyano kamar tsohon mutum ne, ba ya faɗin inda ke masa ciwo, sai ka lalubo."

Tela ya kasa kunne. Shi dai ƙara yake ji, irin wadda ya shekara da shekaru yana ji ta bango. Fiyanon na wata makaranta ne da aka kawo wa Baba gyara, an cire masa murfin gaba, ga ƙananan gudumomi a jere kamar haƙoran tsohuwar akuya. Baba ya janye shi daga jikin bango, ya shige lungun da ƴar kujerarsa, yana bin katakon da tafin hannu don ya gano inda in ya danna kukan zai ɗauke.

"Ci gaba da bugawa. Kada ka tsaya sai na ce."

Tela ya ci gaba. Hankalinsa ya koma kan rigar da ya bari, da almakashin da bai rufe ba. Can ya ce, "Baba, yatsan da ka ara fa ya gaji."

Shiru. Bai yi mamaki ba, kowa a layin ya san Baba ba ya amsa ko gaisuwa in yana sauraro. Sai ya sauya yatsa.

A haka matarsa ta same shi, ta zo gaya masa mai riga na jira. Ta gaida Baba, ba a amsa ba, ta leƙa lungun. Ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Maigida, daina."

"Ya ce sai ya ce."

"Daina, don Allah."

Baba na zaune, kunnensa manne da katakon, hannunsa ya zame kan cinya, ido a ɗan buɗe. Tela ya taɓa kafaɗarsa. "Sauraro yake yi," ya ce wa matarsa, ya sake faɗa, har maƙwabta suka cika ɗakin yana faɗa.

Bayan an kai Baba makwancinsa, ƴarsa, wadda ke aure a wani gari, ta zo shagon Tela ta zauna a bencin masu jira.

"Kawu, an ce kai ne tare da shi. Ya bar wata magana?"

"Ya ce in ci gaba."

Ta gyara zama. "Da me?"

"Da bugawa."

Ta dube shi tana jiran sauran, babu saura. "Ya sha wahala?"

Tela bai san lokacin da abin ya faru ba. Bai sani ba ko Baba ya kira shi ƙarar ta danne kiran. Da ta fita ya tambayi matarsa, ta ce, "Da ya kira da ka ji mana."

"Ni da ko ƙudan ban ji ba?"

Ta shiga kwashe ƙyallaye daga ƙasa.

Da kwana ya ja, shugabar makarantar ta iso da ƴan dako da motar kaya. Ta yi ta'aziyya, sannan cikin jin nauyi ta tambaya ko an gama gyaran. Ƴar ta dubi Tela, Tela ya dubi fiyanon.

Shugabar ta danna maɓallin da ya nuna mata. "Ai ya gyara. Babu komai."

"Ko kwalbar gam bai buɗe ba," in ji ƴar. "Ga ta can da marfinta."

Wani ɗan dako ya ce shi fa yana jin abu kaɗan-kaɗan. Abokinsa ya ce fankar sama ce. Aka kashe fanka, aka sake dannawa, gardamar ba ta mutu ba.

"Kai da kake wurin, malam," in ji shugabar, "haka yake a da, ko ya sauya?"

Tela ya matso ya danna da kansa, ya runtse ido. Duk suka yi tsit suna jiransa.

"Wallahi ban sani ba," ya ce.

Suka mayar da murfin, suka naɗe fiyanon da tsohon bargo, suka ɗaure shi a bayan motar. Tela ya tsaya a ƙofar shagonsa. Motar ta tashi a hankali, kuma duk ramin da ta faɗa sai wayoyin fiyanon da ke cikin bargon su yi gunji su kaɗai, ƙasa-ƙasa, har ta sha kwana.