Ƙasimu Ya Shiga Harkar Mai

Malam Badaru tela yana cikin rumfarsa ta bakin tashar Birnin Kudu yana haɗa wuyan wata riga, sai Maikano direba ya leƙo ya miƙa masa wasiƙa daga Kano. Shekarar Udoji ce, da gwamnati ta yi wa ma'aikata ƙarin albashi, lokacin da masinjan ofis ma ya sayi rediyo da agogon hannu, kowa kuma bakinsa ba ya rabo da zancen man fetur.

Wasiƙar daga Ƙasimu ce, ɗansa na fari, wanda ya shekara biyu yana akawu a wani banki a Kano. Malam Badaru ba ya kama sunansa saboda kunyar ɗan fari, "yaron nan" yake cewa, amma duk wanda ya kawo ɗinki sai ya sha labarin bankin kafin a gwada shi.

Ya buɗe, ya bi layin da yatsa a hankali.

"Baba, bayan gaisuwa mai yawa. Izininka nake nema. Raina ba ya son aikin banki, tun da na fara ban taɓa tashi da safe ina murna ba. Ina so in ajiye in shiga harkar mai, ita ce a zuciyata tun ina ƙarami. In ka yarda zan bari, in ba ka yarda ba zan zauna."

Ƙafar Malam Badaru ta sauka daga kan keken ɗinki. Ko takalmi bai tsaya sawa ba ya faɗa rumfar maƙwabcinsa Sada, mai gyaran rediyo, wanda yake jin labaran duniya sau biyar a rana, har da na tashoshin da ba ya jin harshensu.

"Sada, na shiga uku. Yaron nan zai bar banki."

"Korarsa aka yi?"

"Ai da kora ce da sauƙi, sai in je in durƙusa in ba da haƙuri. Da kansa zai bari. Wai ransa ba ya so! Ka taɓa jin an tambayi rai kafin a yi aiki? Shekarata ashirin da bakwai ina taka keken can, wa ya taɓa tambayar raina?"

Sada ya karɓi takardar ya karanta, sai ya ajiye sukundireba ya miƙe tsaye.

"Malam Badaru, kai dai karatu ka yi, fahimta ce ba ka yi ba. Mai fa ya ce. Mai! Kuɗin da ke cikin bankin nan daga ina kake tsammani suke zuwa? Yaronka ya gaji da tare ruwa a bakin famfo, rijiyar zai tafi. Waɗanda ke aikin mai a Fatakwal, in rigarsu ta yi datti ba sa wankewa, jefarwa suke yi."

"To, amma ya ce tun yana ƙarami."

"Ba a tashar nan ya girma ba? Ba ka tuna yadda yake bin bayan motoci yana shaƙar hayaƙi?"

Malam Badaru bai tuna ba, amma da ya matsa wa kansa sai ya ga kamar ya tuna.

Da ya koma gida cin abincin rana ya ba matarsa Kulu labari. Tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Wane man?"

"Wane man kuma? Mai nawa ne a ƙasar nan?"

"Akwai man gyaɗa, akwai man shanu, akwai man ja, akwai man kaɗe..."

"Kulu, ana maganar arzikin ƙasa kina lissafa mini kayan miya. Shi ya sa nake cewa ki riƙa sauraron labarai."

A ranar ya rubuta amsa, ya ba Maikano da zai koma Kano: "Na yarda. Ka ajiye yau, kada ka kai gobe. Allah ya sa albarka a man nan, ya sa ya yi ta ɓuɓɓuga ba tsayawa."

Shi dai Sada kaɗai ya gaya wa, da Kulu, sai kuma mutum bakwai ko takwas da suka kawo ɗinki. Kafin kwana uku tasha ta ɗauka. Direbobi da suke kwana a layin mai suka fara tsayawa suna gaishe shi da hannu biyu. Maikano ya ajiye masa ganga wofi a bayan rumfa, ya ce ba gaggawa, duk ranar da yaro ya fara aikowa a tuna da shi. Wani dattijo ya taso takanas daga Sundimina da kwalbar ruwan rijiyar gonarsa, ya ce samansa yana ƙyalli, a taimaka a ba yaro ya duba. Malam Badaru ya ɗaga kwalbar a rana, ya shinshina, ya ce ba zai yi alkawari ba, amma akwai alama.

Duk da haka ya sake leƙa rumfar maƙwabcinsa. Ya tambayi Sada ko mai yana ƙarewa. Sada ya ce sai dai jikokin jikoki su gani.

Ranar Lahadi da safe Maikano ya shigo yana goge hannu da tsumma.

"Malam, ashe Ƙasimu ya wuce ta nan shekaranjiya ba ku gaisa ba? Na gan shi a bayan wata akori-kura, ya rungume wani ƙaton ƙarfe, sun nufi Gwaram."

"Gwaram? Ba Fatakwal ba?"

Sada, da ke jin komai ta jikin zana, ya zagayo, ido waje. Ya rage murya ya ce, "Malam Badaru, kada ka gaya wa kowa. An samu mai a Gwaram. Ba kana da gonar gado can kusa, a Dingaya ba?"

Malam Badaru ya rufe rumfa, ya hau motar farko. A Gwaram ba inda Ƙasimu zai sauka sai gidan gwaggonsa Turai, yayar Malam Badaru, inda yaron yake zuwa hutu tun yana firamare. Tun daga bakin zaure ƙamshin soyayyar gyaɗa ya tare shi. Bai kawo komai a ransa ba, don sana'ar Turai ke nan shekara da shekaru, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa.

A tsakar gida ya tarar da mata kusan goma sun yi da'ira suna shewa. A tsakiya ga ɗansa, akawun banki, daga shi sai singileti da gajeren wando, hannayensa suna naso har gwiwar hannu. A gabansa akwai rabin ganga da aka huda mata ƙananan ramuka, an ɗaure ta cikin ƙarafa, an ɗora mata jak ɗin ɗaga mota. Yana danna jak, mai yana tsiyayowa ta wani bututu cikin garwa.

Ƙasimu ya hango shi, ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya kasa haƙuri ya miƙe.

"Baba, ga man! So na yi in haɗa injin tukuna in zo in ɗauko ka. Da kaina na zana shi, wani maƙeri a Kano ya haɗa mini. Tunkuzar da Gwaggo take yini tana matsa, kafin a sha ruwa a ajiye moɗa ya gama da ita."

Malam Badaru ya dubi garwar, ya dubi ɗansa, ya leƙa bayan rumbu.

"Ina rijiyar?"

"Wace rijiya, Baba?"

Turai, da ke zaune a kan turmi tana fifita, ita ta fara ganewa. Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame.

"Badaru, kai dai tun kana yaro in an aike ka gishiri kanwa kake kawowa. Fetur ka zata?"

Matan suka ɗauka gaba ɗaya. Malam Badaru ya nemi wurin zama bai samu ba, ya zauna a kan buhun gyaɗa.

"Kai, yaron nan. Shekara goma sha huɗu kana karatu. Na ɗinka kayan makaranta har idona ya fara ganin allura biyu. Duk don ka zo ka ƙwace wa gwaggonka sana'a?"

"Ya ƙwace," in ji Turai. "Kafaɗuna sun gode."

"Nawa za ka riƙa samu a wata?"

"Ban sani ba tukuna, Baba. Da farko dai ba zai kai na banki ba. Wata ran zai iya fi, wata ran ba komai."

"Fansho fa?"

"Ƙuli-ƙuli," in ji Turai. "Ba ya lalacewa."

"Yaya, don Allah ki bari, da ɗana nake magana. Wa zai ba ka 'yarsa? In an tambaye ni sana'arka a wurin neman aure in ce me? Matsa?"

Ƙasimu ya sunkuyar da kai. Ya goge hannunsa a wando, wandon ya ƙara lalacewa.

"Baba, na zata ka gane, shi ya sa na yi ta murna da wasiƙarka. Amma ba a makara ba. Manaja bai shigar da takardata ba, ya sa ta a aljihun tebur, ya ce ya ba ni zuwa gobe Litinin kafin a tashi daga aiki. Motar Kano tana barin Gwaram da hantsi, ita kaɗai ce za ta kai ni a kan lokaci. In ka janye izininka, zan bi ta. Ba zan yi abin da ba ka yarda ba."

Maganar da Malam Badaru yake so ke nan. Amma sai ya tuna albarkar da ya sa a wasiƙa. Ya ja Turai gefe, bakin madafa.

"Yaya, tambaya zan yi. In mutum ya sa albarka bisa kuskure, tana janyuwa?"

"Me ka roƙa?"

"Na ce Allah ya sa man ya yi ta ɓuɓɓuga."

Ta nuna masa garwar da haɓa. "Ga shi yana ɓuɓɓuga. Sai ka koma ka yi bayani cewa ba wannan man kake nufi ba."

"A'uzubillahi."

"To. Ni dai abin da na sani, da ya zo mini sallar bara wuyansa kamar na zabo, loma uku ya yi ya ce ya ƙoshi. Jiya malmala huɗu ya ci, yana waƙa. Sai da na ɓoye tukunya."

Malam Badaru ya ce zai kwana ya yi tunani. Ya yi tunanin fansho, ya yi tunanin gangar Maikano da ke jiransa a bayan rumfa, ya yi tunanin dattijon Sundimina da kwalbarsa. Ya kuma tuna cewa shi ma yana saurayi kiɗan kalangu ya so, mahaifinsa ya fasa kalangun ya kai shi wurin tela. Bai ce mahaifinsa ya yi kuskure ba. Amma har yau in yana taka keke, da kiɗa yake takawa.

Da gari ya waye aka karya kumallo, Ƙasimu ya fito daga ɗaki cikin farar riga da baƙin wando, ya ɗaura taye, jaka a hannu. Ya zo ya tsaya gefen mahaifinsa. Daga tasha ana jiyo ɗan kamasho yana kiran Kano, Kano, saura mutum biyu.

Malam Badaru yana tsugune gaban injin, hannayensa a baya.

"Wannan ƙusar, wa ya ɗaura ta a karkace?"

"Haka take, Baba. Mota ta kusa cika."

"Na ji, ni ba kurma ba ne. Wannan ƙyallen da kake tace mai da shi, wa ya ɗinka?"

"Ni na ɗinka."

"Ɗan tela, ka yi wannan ɗinkin? Kada ka gaya wa kowa. Dubi bakin, ko kalmasa babu. Zo ka nuna mini yadda ake dannawa."

Ƙasimu ya ajiye jaka ya nuna masa. Malam Badaru ya kama hannun jak ya danna sau ɗaya, ya danna sau biyu. A na uku bututun ya kuɓuce, mai ya yi tsalle ya wanke masa gaban riga har gemu. Turai ta toshe baki da gefen zane. A tasha direba ya yi oda mai tsawo.

"Baba, za ta tashi."

"Ka ga abin da nake faɗa? Bututu ba ɗauri. In wani baƙo ne ya zo saye fa? Kawo igiya."

"Baba, in ban tafi yanzu ba..."

"Igiya na ce ka kawo, ba labari ba."

Ƙasimu ya kawo igiya. Malam Badaru ya ɗaure bututun, ya kwance, ya ce bai yi ba, ya sake ɗaurewa. Ya kwance karo na uku. Suka ji motar ta tayar, ta yi tari, ta ɗauki hanya, ƙararta tana raguwa har ta ɓace.

Malam Badaru bai ɗago ba.

"Ta tafi?"

"Ta tafi, Baba."

"Babu wata?"

"Sai gobe."

Ya yi ajiyar zuciya, ya share gemunsa da hannun riga, gemun ya ƙara sheƙi.

"Innalillahi. Banki guda." Ya juyo ya dubi ɗansa. "To, tsayuwar me kake yi? Cire tayen nan kafin injin ya shaƙe ka. Yaya, a ba ni jiƙon kanwa, cikina ya fara."